Ajin kwantum na yamma ga ma'aikata, ta ina zan fara musu?

Malam_Kwamfuta:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta, da yamma nake karantar da Python, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, ga ma'aikata in sun tashi daga ofis. To yanzu sun sako ni gaba wai sai na buɗe musu ajin kwamfutar kwantum, wato kwamfutar da ke aiki da dokokin fiziks na ƙananan abubuwa irin su atom, tun da suka ji Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 shekarar kimiyyar kwantum ban huta ba. Matsalar kowa da inda ya fito, akwai ma'aikacin banki, akwai mai haɗa magunguna, akwai malamar makaranta, har da lauyan da rabonsa da lissafi tun sakandare. Fiziks zan fara musu ko lissafi ko kawai mu shiga rubuta kod? Kuma tsakani da Allah abin zai amfane su ko kuɗinsu kawai zan ci?

Dakta_Fiziks:
Wa alaikumus salam Malam. Ni fiziks nake koyarwa amma ina ce maka kar ka fara da shi, sati biyu ajin zai watse. Mutumin da ya wuni a ofis ga gajiya ga yunwa ba zai zauna maka jin tarihin atom ba. Lissafin farko ba shi da yawa: bekta (jerin lambobi), ninka matiriks (teburin lambobi) mai layi biyu, ɗan lambobin kompleks (lambobi masu ɓangare biyu), sai lissafin yiwuwar abu, shi ke nan. Kyubit, wato ma'aunin bayani mafi ƙanƙanta a kwamfutar kwantum kamar yadda 0 ko 1 yake a kwamfuta ta yau da kullum, bekta ne mai lambobi biyu, ƙofofin da ake bi da shi don a sauya shi kuma matiriks ne.

Ranar farko ka sa su taɓa abin da hannunsu. IBM ta saka kwamfutar kwantum mai kyubit 5 a intanet tun 2016, Qiskit, manhajar IBM ta rubuta wa kwamfutar kwantum kod, ya fito 2017 kuma da Python ake rubuta shi, ka ga ɗalibanka sun riga sun ci rabin hanya. Su ɗauki kyubit da ke 0 su sa masa wata ƙofa da ake kira Hadamard su auna sau dubu, za su ga kusan rabi 0 rabi 1, za su ce ai wannan jefa kwabo ne. Sai ka ce su jera Hadamard biyu kafin su auna. Kullum 0 zai fito! Kwabo ba ya haka, ko sau nawa ka jefa shi ba ka san fuskar da zai faɗi ba. A nan za ka nuna musu a allo yadda lamba mai alamar ɗebewa ta soke 'yar uwarta, wannan soke junan shi ne sirrin abin gaba ɗaya. Kuma dan Allah ka hana su maganar nan ta wai kwamfutar kwantum tana gwada duk amsoshi a lokaci guda, ko na ji ta a rediyo sai raina ya ɓaci.

Hajiya_TsaronBayanai:
Dakta ya yi gaskiya amma Malam bayan tushen nan ka raba su fa. Mu na banki ba gina kwamfutar za mu yi ba, abin da ke gabanmu shi ne dabarar da Peter Shor ya fitar a 1994 wadda in aka samu babbar kwamfutar kwantum za ta karya RSA, wato hanyar lissafin da ake kulle bayanai da ita. Har yanzu babu injin da ya kai nan amma ɓarawo zai iya kwashe bayanai a kulle yau ya ajiye har ranar da zai iya buɗewa. Shi ya sa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sabbin ƙa'idojin kullewa guda 3 a watan Agustan 2024, kuma a kwamfuta ta yau da kullum suke aiki. Wannan ka koya wa ɗan bankin, lauyan ma zai so shi tunda takardun sirri ne sana'arsa.

Dan_Sabongari:
Ni dai ranka ya daɗe kar ka yi wa kowa alkawarin aiki. Injinan IBM da Google sai an sanyaya su fiye da sanyin sararin samaniya, kuskure kuma ya yi musu yawa. A 2019 Google ta ce injinta mai kyubit 53 ya gama a daƙiƙa 200 lissafin da zai ci wa babbar kwamfuta ta yau da kullum shekara 10,000, IBM ta ce ina, kwana biyu da rabi ne, kuma lissafin ma ba wanda zai warkar da ko ciwon kai ba ne. Mai magungunan ka gaya masa gaskiya, kwaikwayon yadda sinadarai ke haɗuwa a cikin kwamfuta shi ne babban fatan da ake da shi amma na ƙananan sinadarai kawai ake iya yi yanzu.

Malam_Kwamfuta:
Allah ya saka da alheri. Dakta data da wuta fa? Ba kowa ke da su kullum ba.

Dakta_Fiziks:
Ku sauke Qiskit da manhajarsa mai kwaikwayon injin kwantum a kwamfuta ta yau da kullum sau ɗaya, sauran aiki ba sai da intanet ba, laftof na talaka zai ɗauki kyubit 20 lafiya lau, sai dai duk kyubit ɗaya da ka ƙara memori ninkawa yake. Injin gaske ku bar shi ranar ƙarshe, ku tura aikin da wuri don akwai layi.