Murfin giris na tirelar jirgin ruwa yana ta faɗuwa a hanya

Mai jirgi a Yauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin jirgin faiba da nake ja a kan tirela zuwa bakin tafkin Kainji. Cikin wata biyu murfin giris na ƙafar dama ya faɗi sau uku. Na ƙarshen ban lura ba sai da na riga na tura tirelar cikin ruwa. Da na dawo gida na tarar giris ɗin ya koma kamar kunu, yashi ya cika boris. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Direba daga Kontagora:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma na sha wannan wahalar. Kuskurena shi ne ina mayar da murfin alhali bakin hob ɗin, wato cibiyar ƙafar da boris ke ciki, duk maiƙo ne. Murfin nan ba shi da zare, matsi kawai ke riƙe shi, to ina zai kama a kan santsi? Yanzu sai na wanke bakin da fetur, na bari ya bushe ƙayau. Sannan na ɗauki ƙusa mai kauri na buga wa leɓen murfin ɗigo huɗu daga ciki, ya ɗan kumburo waje. Wajen sa shi kuma kada guduma ta taɓa shi kai tsaye. Ɗora guntun katako, ka buga a tsakiya har ya zauna daidai.

Makaniki, shekara 20 a gareji:
Abin da direba ya faɗa gaskiya ne, amma Alhaji, ƙafa ɗaya sau uku? Ni dai ba murfin nake zargi ba. Ka ɗaga tirelar da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji tana ƙwas-ƙwas, boris ya saki, hob yana rawa, kuma a hanya mai gargada wannan rawar ce ke fitar da murfi a hankali. Sai ka cire fin, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke hana noti kwancewa, ka ɗaure noti kana juya taya har boris ya zauna, ka ɗan sassauta shi, ka mayar da shi da yatsu zuwa ramin da fin zai shiga. Kada ka matse tamau, zai yi zafi ya ƙone.

Ka duba shi kansa fin ɗin. Yara da yawa suna barin ƙafafunsa zaro-zaro, suna gogar cikin murfi duk juyin taya. In ka tsinci wanda ya faɗi, leƙa cikinsa, za ka ga zobe mai ƙyalli inda yake ci.

Akwai wanda ya kawo mini tirela ya liƙe murfinsa da gam mai ƙarfi. Murfin bai sake faɗuwa ba kam, amma boris ya farfashe a ciki har ya cinye bakin aksul. Abin ya ba ni takaici, don da an duba tun farko aikin rabin awa ne.

Ɗan uwa mazaunin Minesota, Amurka:
Nan tafkuna sun yi yawa, kusan kowace unguwa akwai tirelar jirgi. Abin da na koya shi ne awo. Yawancin ƙananan tireloli ramin hob ɗinsu inci 1.98 ne, kusan milimita 50, manya kuma akwai 2.44 da 2.72. Na taɓa sayen murfi da ido, ya shiga da turin hannu kawai, bai kai kilomita 30 ba ya faɗi. In murfi ya shiga ba tare da bugu ba, ba naka ba ne. Yanzu ina amfani da wani irin murfi da ake kira Bearing Buddy, mai sifirin a ciki da ke danna giris kaɗan-kaɗan don kada ruwa ya sami hanya. Kuma in na iso bakin ruwa nakan jira kamar minti 15. Hob mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa na tsukewa ta zuƙo ruwa.

Mai gyaran injin jirgi:
Nawa laifin cika giris ne. Nakan ɗura murfin taf, ina ganin gata nake yi masa. Da hob ya yi zafi sai giris da iskar da ta maƙale su turo shi waje. Boris ke buƙatar giris, murfi shafawa kaɗan ta ishe shi.

Direba daga Kontagora:
In ramin hob ɗin ya riga ya buɗe saboda yawan cirewa da mayarwa, ɗan jan gam na gasket a leɓe yana taimakawa. Amma bayan an yi abin da oga makaniki ya ce.

Mai jirgi a Yauri:
Oga makaniki, Allah ya saka da alheri. Na ɗaga ta yau da safe, tayar dama tana rawa sosai, ta hagu shiru. Fin ɗin ma ƙusa ce aka lanƙwasa. Na sa sabon boris da sil (robar da ke tare giris ta bayan hob) da fin na gaske, na wanke bakin da fetur, na buga murfin da katako. Ranar Asabar zan fita da ita, in sha Allah zan dawo in faɗa muku yadda ta kasance.