Yaran SS3 a makarantun kuɗi na Abuja: jarrabawa nawa ɗalibi ɗaya zai ɗauka?

Maman Khalifa, Gwarinpa:
Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, a taimaka da abin da kuka gani da ido. Wasu makarantu na ɗora wa yaro WAEC, NECO, JAMB, IGCSE da SAT (biyun ƙarshen jarrabawar ƙasashen waje ce) a shekara guda. Wanne ne dole, wanne ne ƙarin kaya?

Malam Sani, malamin Kemistiri, Kubwa:
Wa'alaikumus salam Hajiya. In jami'ar gida ake nufi, abu biyu ne: kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da Lissafi ga yawancin kwasa-kwasai, sai JAMB. Ita JAMB maki 400 ce, darasi huɗu, tambaya 180 cikin awa biyu a kwamfuta. Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. Ke nan daƙiƙa 40 kowace tambaya take samu. A nan hazikan aji ke tuntuɓe, domin sun saba da doguwar amsa. Sai yaro ya shafe minti biyar kan lissafin Fiziks guda, lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi bai ko karanta ba. Maganinsa gwaji a kwamfuta da agogo, mako-mako tun zangon farko, ba ƙarin lesin na dare ba.

Anti Rabi, mai ba ɗalibai shawara, Wuse 2:
IGCSE da SAT na mai niyyar fita ne, Ingila ko Amurka. In kuɗin karatun waje bai zauna ba, don Allah a sauke wa yaro su. In kuma za a yi, kada a zaɓi IGCSE ta Mayu da Yuni a SS3, karo take da WAEC, manhajar kuma ba ɗaya ba ce. A yi ta Oktoba da Nuwamba. Abin da ya fi damuna shi ne barci. A makarantar kwana ana tashi da asuba, a yi firef, wato bitar karatu a aji, har goma na dare, sannan yaro ya ƙudundune a bargo da tocila yana haddar tsofaffin tambayoyi. Mai shekara sha biyar yana bukatar barcin awa takwas zuwa goma. Ranar ziyara ku duba: yawan ciwon kai, rama, barin abinci, zuwa ɗakin magani duk jajibirin gwaji. Wannan ba lalaci ba ne.

Alhaji Bala, tsohon shugaban makaranta, Lugbe:
Gaskiya ne Malama. Kuma tun SS1 a tambayi makaranta a rubuce: shin kowane ɗalibi ake yi wa rajistar WAEC? Akwai masu ajiye raunana don allon tallansu ya yi kyau. Sai batun likitanci da kowane gida ke so. Gurbi kaɗan ne, kuma jami'o'in tarayya raba shi suke: kashi 45 cancanta, 35 'yan yankin jami'ar, 20 jihohin da ke baya a ilimi. Maki iri ɗaya kan shigar da wani a ABU ko BUK, ya bar wani a waje. A zauna da yaro a fitar da zaɓi na biyu da shi ma yake so.

Malam Sani:
Ƙari kaɗan, ranka ya daɗe. Kafin rajista a gwada suna da ranar haihuwa na NIN da na takardun makaranta. Harafi ɗaya ya saɓa, sai a yi ta zirga-zirgar gyara ana tsakiyar karatu.