Ana iya kai ƙarar wanda ba a san sunansa ba?

Injiniya: Ni dai ina kan bakana. Wanda ke cin zarafinka a intanet da asusun bogi, kai shi kotu asarar kuɗi ce. Wa za a miƙa wa sammacin? A toshe shi kawai a huta.

Hajiya: Ƙanwata ta toshe, ya buɗo wani asusun, ya ɗora hotonta da sharri iri-iri. Ina hutun yake?

Barista: Injiniya, ba sai an san suna ake shigar da ƙara ba. A Amurka "John Doe" ake rubutawa a gurbin wanda ake ƙara, sannan a nemi kotu ta sa kamfanin da ke da shafin ya fito da bayanansa. Ingila ma tana da irin wannan umarnin kotu, ana ce masa Norwich Pharmacal. Da shi wata mata ta samu hukunci a 2012, kotu ta umarci Facebook ya bayyana masu cin zarafinta.

Injiniya: Barista, me kamfanin zai bayar in ba imel na bogi da lambar IP ba? Lambar kuma layin intanet ɗin da aka hau kawai take nunawa, ba mutum ba ce. Sai ka sake neman wani umarnin a kan kamfanin sadarwa. In mutumin ya bi ta VPN, wato manhajar da ke ɓoye lambar IP, ko ya hau intanet ɗin da jama'a ke amfani da shi, sawu ya ɓace.

Barista: Wannan gaskiya ne, amma yawancinsu ba su da wannan wayon, daga wayarsu suke ta'asar. Abin da ya fi kashe ƙara jinkiri ne, don kamfanoni na goge bayanan bayan wani lokaci. Shi ya sa Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet ta tanadi hukuma ta sa a adana bayanai har kwana 90 kafin a bi sauran matakai.

Malam: Allah gafarta Barista, me zai hana a maka kamfanin kansa a kotu?

Barista: A Amurka sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 ya kare su daga alhakin abin da wani ya rubuta. Kuma kotu ba ta tona asirin mutum don ya ɓata maka rai kawai, domin da ɓoye suna ake fallasa azzalumai. Sai ka kawo hujjar barazana, ko ƙazafi, ko bibiya da ta ƙi ƙarewa.

Hajiya: To ƙanwar tawa yanzu me za ta yi?

Barista: Kafin ta kai ƙorafi ga kamfanin, ta ɗauki hoton kowane saƙo, da kwanan wata da adireshin asusun. In suka goge, hujjar ta tafi. In da barazana ga rai, ta je wurin 'yan sanda yau.

Injiniya: Kuɗin lauya fa? Har yanzu ba wanda ya amsa min wannan.

Barista: Ƙarar laifi hukuma ke ɗauka. Neman diyya ne ke cin aljihu, a nan kam ba na musu da kai.