Neman shawara: kwabo mai huji da sunan Sarki Edward

Assalamu alaikum. A cikin gwangwanin da marigayi kakanmu ya bari na tarar da kwabo mai huji guda 9, kuma biyu daga ciki sun ɗaure mini kai. Na farko yana ɗauke da sunan EDWARDVS VIII da shekarar 1936, alhali na san sarkin bai cika shekara a kan gadon sarauta ba. Na biyu kuwa hujinsa ya karkace gefe guda, ga wani siririn layi da ya ratsa tauraron nan mai kusurwa shida. Shin kuskuren gidan buga kuɗi ne, ko kuwa wahalar hannu ce kawai?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho. Malam, kwabon 1936 ba kuskure ba ne. Ingila ba ta fitar da kuɗin Edward don hada-hada a cikin gida ba, amma an buga wa Afirka ta Yamma kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini (ɗaya bisa goma na kwabo) da sunansa masu yawan gaske, shi ya sa ba su da tsada. Wanda masu tarawa ke nema ido rufe shi ne na 1945 mai sunan Edward, domin a lokacin George VI ke sarauta, sai aka haɗa tsohon hatimin fuska da sabon hatimin baya bisa kuskure. Ka sake duba shekarun sauran bakwai ɗin. Ka kuma nemi ƙaramin harafi kusa da hujin: H na nufin kamfanin Heaton, KN na nufin King's Norton, duka a Birmingham.

Amsa ta biyu: Game da layin, ɗan'uwa, ka kwantar da kwabon a gefen taga da hantsi, ka duba da gilashin ƙara girma, sannan ka bi ta kansa da farce a hankali. Idan layin ya taso sama, to hatimin ƙarfen ne ya tsage, kwabon ya cusa cikin tsagar lokacin bugu, kuma duk wanda aka buga da wannan hatimi bayan tsagewar zai fito da layin a wuri ɗaya. Idan kuwa ya nutse ciki, ƙarzuwa ce kurum. Hujin ma haka: na gidan bugu zagayayye ne mai tsaftar baki ko da ya karkace, wanda aka faɗaɗa da ƙusa ko igiyar rataya ta cinye kuwa bakinsa ba ya daidaita.

Amsa ta uku: Don Allah kada ka wanke su. Ni na taɓa dirje nawa da toka da lemun tsami har suka yi ƙyalli, mai saye yana gani ya rage kuɗin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na gwada da farce, layin a tashe yake, kuma akwai KN a jikinsa. Sauran bakwai ɗin babu na 1945.