Littattafan almara da ake ginawa kan tatsuniya, yarinya ce jaruma: me ke riƙe mai karatu?

Malamar Lissafi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni lissafi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a Zariya, ba adabi na karanta ba, don haka masana su yi mini afuwa in na yi shisshigi.

Akwai wani irin littafin Turanci da ya shiga ran ɗalibaina, musamman 'yan aji huɗu da biyar. Marubuciya za ta ɗauko tsohuwar tatsuniyar Turawa da kowa ya san ƙarshenta, ta faɗaɗa ta ta zama littafi mai shafi ɗari uku ko huɗu, ta sa yarinya a gaba. Kwafi ɗaya sai ya zagaye ɗakin kwana kaf, bango ya fita, a liƙe da salatif a ci gaba. Da na gaji da ƙwacewa ana tsakiyar darasi, sai na fara karanta wanda na ƙwace kafin in mayar. Biyu sun tsaya mini a rai.

Na farko Ella Enchanted na Gail Carson Levine, ya fito a 1997. Tatsuniyar Sindirela ce, marainiyar nan da matar uba ke bautarwa. Amma a nan tun tana jaririya wata aljana ta yi mata abin da ita aljanar ke ganin kyauta ce: duk umarnin da aka ba ta, dole ta bi. Aka ce mata ba ni sarƙar mahaifiyarki, hannunta ya miƙa, zuciya na tafasa. Asirin bai karye ba sai ranar da ta iya cewa a'a, kuma auren yariman da take so ɗin ta ce wa a'a, don ta san duk maƙiyin da ya gane sirrinta zai iya sa ta cutar da shi.

Na biyu shi ya hana ni barci, wataƙila saboda sana'ata: Spinning Silver na Naomi Novik, 2018. Asalinsa tatsuniyar da ke cikin tarin 'yan'uwan nan Jamusawa su Grimm, ta yarinyar da ubanta ya yi cika baki gaban sarki wai tana iya kaɗa busasshiyar ciyawa ta zama zinare. A tatsuniyar, kuka kawai yarinyar ke yi har wani ɗan wada ya zo ya yi mata aikin. A littafin kuwa, Miryem 'yar wani Bayahude ce mai ba da bashi, mutum mai sanyin hali da ba ya iya buɗe baki ya tambayi kuɗinsa. Gari na cin dukiyarsa, gidansa ba abin kaiwa baki, matarsa na kwance ba lafiya cikin tsananin hunturu. Yarinyar ta zauna ta fitar da abin da ake bin kowa, ta bi gida gida. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, marar kuɗi ya ba da kaya, ta kai kasuwa ta juya. Da sarkin aljanun ƙanƙara ya ji ana cewa tana mai da azurfa zinare, ya dire mata tasa ya ce ta mayar ko ta daskare, sai ta kai wa maƙeri ya ƙera zobe, aka sayar wa wani basarake, ta dawo masa da zinare. Ciniki ne tsagwaronsa.

Ba duka ne suka burge ni ba. Akwai waɗanda jarumar 'yar shekara goma sha bakwai ce, jiya ko wuƙar yanka albasa ba ta iya riƙewa, yau ta karkashe dakaru goma ko haki ba ta yi. Wannan a wurina namiji ne aka ɗaura wa ɗankwali.

To ga tambayata. Tunda an san ƙarshen tatsuniya, me ke sa yarinya ta bar abincin darenta ya huce don ta ƙarasa babi? Sannan ina namu? Akwai wanda ya ɗauki Daskin-da-Riɗi ko Ta-Kitse ya yi musu irin wannan aikin da Hausa?

Na Bakin Kasuwa:

Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama da yara. Sayar da littafi gadonmu ne a Kano, bari in faɗi abin da na gani daga bayan tebur.

Mata masu takobi muna da su jingim a littattafan yaƙi. Gimbiya sadaukiya, ga sulke ga ingarma, tana gwabzawa da bokaye da aljanu, littafi na ɗaya har na huɗu. Kuma kar ki ɗauka samari kaɗai ke saye. Matan aure na aiko yara da ɗan rubutu a takarda, in ci gaban bai fito ba a dawo gobe a sake tambaya. Yanzu da takarda ta yi tsada yawanci sun koma saurare a YouTube. Sai dai gaskiyarki, ba daga tatsuniyarmu aka ɗebo su ba. Sunayen birane da na mutane na Larabawa ne da Farisawa, ƙamshin Dare Dubu da Ɗaya ne a jikinsu.

Wani abu kuma da ban cika jin ana faɗa ba. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, yarinya ce, 'yar bora, ke yin tafiyar. Da Abubakar Imam ya rubuta littafinsa mai wannan suna, wanda ya shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 aka buga a 1934, can Zariyarku, mai neman ruwan namiji ne, Alhaji Imam. Ba aibata littafin nake ba, ni da shi na koyi son karatu. Amma tun daga farkon ƙagaggen labarin boko, tafiyar ta koma hannun maza.

Inda ban yarda da ke ba shi ne zancen takobi. Yarinyar da tun asuba ake aiken ta, ɗebo ruwa, goya ƙane, yi shiru manya na magana, in dare ya yi tana son ta ga mace ta daka tsawa maza sun watse. Meye laifin wannan? Kuma a garin Sarauniya Amina kike zaune fa, Malama.

Goggon Yara:

Ɗiyata, ni daga Dogon Dutsi nike, jikata ke rubuta mini. Littattafan Turawan nan ban san su ba, amma gatana na sani, kuma ina jin kamar kun raina ɗiyar bora.

Ga yadda kakata ta ba mu. Ɗiyar mowa ta yi fitsari a kirgi, aka ɗora wa ɗiyar bora, aka ce ba ta dawowa gida sai ta wanke shi a Ruwan Bagaja, wurin da ba wanda ya san hanyarsa. Ta kama hanya ita kaɗai. Ta iske kogin nono, ta yi waƙa ta tambaya ko shi ne, ya ce a'a, amma zo ki sha. Ta wuce. Ta iske na zuma, ya ce zo ki lasa. Ta wuce, ga yunwa. Hadari ya taso, ta fake a wata bukka, ta iske cinya guda zaune, ba kai ba gangar jiki, da kare a gefenta. Cinya ta yi gurnani, kare ya ce wai tana gaishe ki. Ba ta yi dariya ba, ba ta ruga ba, ta amsa gaisuwa. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi aka ce dafa, ta ɗora tukunya, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ce zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami. Aka ce kar ki fasa sai inda kika ce in fasa, kika ji shiru.

Ku gaya mini wane ƙato ne zai iske cinya na gaishe shi bai zubar da takalmi ba?

Kuma ku tuna wa ke ba da gatanan nan. Mu ne, tsofaffi mata, da dare bayan an kwashe tuwo, wani lokaci ita mowar tana jin mu daga ɗakinta. Abin da ba a iya faɗa wa mai gida da rana shi ake sakawa a bakin gatana.

In mace mai yaƙi kuke so, ga Sarauniya Mangu nan Lugu, kusa da mu. A 1899 ta tare rundunar Faransawa ta su Kyaftin Bule, wadda ta taho tana ƙone garuruwa. Abdullahi Mamani ya rubuta labarinta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986.

Mai Rubutun Dare:

Anti Malama, ni ina cikin masu rubutu a manhajar labarai ta Wattpad da zaurukan WhatsApp, kuma irin littattafan nan su suka sa na fara. Amsar tambayarki ta farko a wurina ita ce, sanin ƙarshen ne ma daɗin. Ban damu da ko za ta tsira ba, na san za ta tsira. Hankalina sai ya koma kan ta yaya, da me take ji. Tatsuniya ba ta shiga zuciyar kowa. Ta tafi, ta tafi, ta tafi, shi ke nan an gama tafiyar wata guda. Dubi wadda Goggo ta bayar. A duk tsawon hanyar nan me 'yar bora ke saƙawa game da ubanta, wanda ya san gaskiya ya kau da kai? Da ta dawo da dukiya, ta gaishe shi? Nan littafi yake.

Ni wadda nake rubutawa yanzu ta bakin 'yar mowa ce. Yarinya ce da uwarta ta tura daji don kishi, ba wanda ya taɓa koya mata ta ƙi abin da aka miƙo mata, sannan duniya ta hukunta ta. Masu karatuna sun rabu biyu, wasu har zagina suke a akwatin saƙo.

Shawara ɗaya Anti, ki ci gaba da dubawa kafin ki mayar. Wasu daga cikin sababbin, bangonsu fure da kambi kamar na yara, amma don manya aka rubuta, akwai shafukan da ba za ki so 'yar aji huɗu ta gani ba.

Malamar Lissafi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Goggo, Allah ya ƙara girma, tsigar jikina ta tashi a wurin cinyar nan kamar ina 'yar shekara bakwai. Na yarda yarinyar tana da zuciya. Amma ki duba jarrabawar da aka yi mata: ƙi nono, ƙi zuma, kar ki tambaya, ɗauki ƙarami, jira shiru. Duk amsa ɗaya ce, ki rage kanki. Laifin da ba nata ba ma ba ta musa ba. Ina da ɗalibai masu kaifin kai da suka san amsa amma ba za su ɗaga hannu ba, sai na kira suna, su faɗe ta kai a sunkuye kamar masu ba da haƙuri. Ina ganin shi ya sa labarin wadda aka yi wa asirin biyayya yake cin su. Ba sai an yi musu bayani ba.

Malam Na Bakin Kasuwa, ban ƙi Amina ba, amma abin da ya fi ba ni sha'awa a labarinta ganuwowin da ake danganta mata ne. Wa ya ƙididdige ma'aikata, wa ya tanadi hatsin ciyar da su, ina aka samo ruwan kwaɓa ƙasa? A rubuta mini wannan Aminar, da takobinta a rataye, zan saya wa ajina. Miryem ma ai ba ladabi ya fitar da ita ba, har iyayenta suna jin tsoron yadda zuciyarta ke taurarewa, kuma marubuciyar ba ta ɓoye cewa karɓar bashi daga matalauci abu ne mai ɗaci ba. Jarumar da ƙarfinta ke da tsada a kanta ita nake nema.

Ƙanwata Mai Rubutun Dare, ki turo mini naki, zan karanta kafin su gani. Amma ga wani aiki. A yadda na ji tatsuniyar, da 'yar mowa ta fasa babban ƙwai kutare da makafi ne suka fito suka raka ta gida, wai shi ne hukuncinta. Ina da ɗaliba mai lalurar ido a aji biyar, ƙawayenta ke karanta mata littattafan nan da dare. Me za ki fitar daga ƙwan?

Mai Rubutun Dare:

Kai Anti, kin ɗaure ni. Babi na sha ɗaya nake, ko bukkar cinya ba ta kai ba tukuna. Goggo, a taku ta Dogon Dutsi ma su ne ke fitowa, ko akwai wani abu daban?