Wace kalma za mu sa wa hayayyafar ƙwayoyin kaluluwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina fassara wata takardar faɗakarwa domin masu amosanin gaɓɓai a nan Damagaram, irin wanda garkuwar jiki ce da kanta take far wa gaɓɓai, sai na ci karo da abin da likitoci ke kira syndrome lymphoprolifératif da Faransanci. Wasu fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ke taruwa a kaluluwa, suke hayayyafa fiye da kima a jikin kaɗan daga cikin masu shan metotirezat, maganin da ake sha sau ɗaya a mako domin ya lafar da garkuwar. A wasu lokuta akan tarar da wata ƙwayar cuta, bairos ɗin Epstein-Barr, a cikin ƙwayoyin. Na fara rubuta "dajin kaluluwa", amma hankalina bai kwanta ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, Malam. Gara da ka dakata, domin duk wanda aka ce masa daji ko sankara a likita, kafin ya isa gida ya riga ya fara wasiyya. Alhali kuwa a wannan larurar, sau da yawa kumburin yakan sace da kansa idan likita ya dakatar da maganin, ko da yake akwai wanda yakan zama sankarar gaske har sai an yi masa maganinta. Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane suna ɗauke da wannan bairos, wanda aka gano a 1964 kuma akan ɗauke shi ta miyau, yana kwance cikin ƙwayoyin da ake kira B, wasu ƙwayoyin da ake kira T suna tsaronsa. Idan magani ya raunana masu tsaron, sai waɗanda bairos ya shiga su sami sararin hayayyafa; idan kuma aka dakatar da shi, masu tsaron sukan farfaɗo. Kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki mai sauƙin da mai tsananin duka.

Tsohon malamin Hausa: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai "kaluluwa" ita kaɗai ma ba za ta wadatar ba. A wurinmu kaluluwa ita ce ɗan ƙullutun da kan fito a matsematsi ko hammata idan mutum ya yi tuntuɓe ko miki, ba wanda ke kai ta likita, sai a bari ta baje. Wani zai ce a yi amfani da "yaɗuwa", ni kuwa ban yarda ba, saboda mai sauraro zai ɗauka cuta ce da ke bin mutane kamar ƙyanda, ya soma gudun ɗan'uwansa. "Hayayyafa" ce ta dace, tunda ita muke faɗa wa awaki da kaji idan sun yi ta ƙaruwa, kuma ba ta ce alheri ko sharri ba.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, sai a riƙe kalmar "ƙwayoyi" a tsakiya, domin larurar takan bayyana a baki, ko a fata, ko a huhu, ba a kaluluwar kaɗai ba.

Mai tambaya: Na gode. Zan rubuta "hayayyafar ƙwayoyin kaluluwa", in ƙara "mai nasaba da magani" inda ake nufin ta masu shan metotirezat. Na guji "cutar magani" da gangan, saboda amosanin da ya yi tsanani shi kansa yana ƙara haɗarin sankarar kaluluwa, kuma ba na so wani ya karanta ya jefar da maganinsa. A ƙarƙashin kalmar zan sa cewa wanda ya ga ƙullutu ya ƙi bajewa, ko zazzaɓi da gumin dare da rama, ya koma wa likitansa.