Tsofaffin fayiloli sun ƙi buɗewa: yaya ake gane irinsu daga lambobin farko?

Nura Samaru:

Assalamu alaikum malamai. An kawo mana aiki shagonmu a nan Samaru: faifan fulofi 14 na wani dattijon malami da ya yi ritaya, iyalinsa na so a ciro rubuce-rubucensa na shekarun 1990. Mun kwafe abin da ya yarda ya kwafu, amma Word ya ƙi yawancinsu, ko ya buɗe da zane-zanen da ba sa karantuwa. Na duba da HxD, manhajar da ke nuna bayit-bayit na cikin fayil da lambobin heksa (ƙirgan sha shida-sha shida, 0 zuwa F), ga farkon guda biyar:

BABI1.DOC: FF 57 50 43 5E 0B 00 00 01 0A 00 01 00 00
TAKARDA.LET: 57 61 6E 6E 61 EE 20 62 69 6E 63 69 6B E5
JARRABA.DOC: 31 BE 00 00 00 AB
FILE0003.CHK, girmansa bayit 18,944: 03 5F 07 1A 2C 01 00 00 A1 00 3E 00
FILE0007.CHK: D0 CF 11 E0 A1 B1 1A E1

Masu CHK sun kai 20, duk daga faifai ɗaya suka fito. Me waɗannan lambobin ke nufi, kuma da me zan buɗe kowanne?

Injiniya Bashir Kongo:

Wa alaikumus salam. Nura, ka cire ido daga wutsiyar sunan. A zamanin DOS mai kwamfuta ne ke sa wa fayil wutsiyar da ya ga dama, DOC ko LET ko harufan sunansa, manhajar ba ta damu ba. Abin dogaro shi ne hatimin da manhaja ke bugawa a farkon fayil. Ka riƙa ƙirga gurbi daga sifili, kamar yadda HxD ke nunawa a gefen hagu, sai dai shi da heksa yake nuna lambar gurbin.

BABI1.DOC ba na Word ba ne. FF 57 50 43 hatimin WordPerfect ne, harufa ukun ƙarshe WPC ke nan. Sauran ma duk magana ce. Bayit huɗu na gurbi 4 zuwa 7 suna nuna inda rubutun ya fara, kuma daga baya ake karanta su: 5E 0B ya zama 0B5E, wato 2,910. Ka tsallaka zuwa wannan gurbin, nan za ka ga jimlar farko ta babin. Gurbi na 8 mai 01 na nufin manhajar WordPerfect ce kanta, na 9 mai 0A na nufin takardar rubutu ce (da 16 ne, da hoton WPG ne). Na 10 da na 11, wato 00 01, su ne 5.1, wadda ta fito a 1989. Da gurbi na 10 ya nuna 02, da 6 ce ko wadda ta biyo baya. Sifili biyun ƙarshe albishir ne, ba a kulle fayil ɗin da kalmar sirri ba. Ka kwafe shi, ka canza wutsiyar kwafin zuwa WPD, LibreOffice zai buɗe.

TAKARDA.LET ba shi da hatimi ko kaɗan, amma ya tona kansa. Karanta: 57 61 6E 6E 61 shi ne "Wanna", sai EE ya zo inda ya kamata a ga 6E, harafin n. Haka "bincik" ya ƙare da E5 maimakon 65. An ƙara 80 na heksa a kan harafin ƙarshe na kowace kalma. Wannan ɗabi'ar WordStar ce, daga ta 4 zuwa baya, shi ya sa Notepad zai nuna maka "Wannaî bincikå". Za ka kuma ga 8D 0A a ƙarshen layukan da manhajar ta naɗe da kanta, 0D 0A kuma inda mai rubutu ya danna Enter, sannan jerin 1A a gindin fayil. Maganinsa a cire 80 ɗin daga duk bayit da ya kai 80. Layi ɗaya ne a Python: bytes(b & 0x7F for b in data). Bayan haka ragowar 02 alamar rubutu mai kauri ce, 13 na ja-layi, layukan da suka fara da ɗigo irin .pa kuma umarnin sabon shafi ne, ba rubutun Malam ba. Amma idan wani ya fara da 1D 7D 00, WordStar 5 ce zuwa sama, kada ka yi masa wannan askin, don zai lalata harufa na musamman da ke tsakanin 1B da 1C.

JARRABA.DOC mai 31 BE na Write ne, ƙaramar manhajar rubutu ta Windows 3.

Hajiya Maryam Tudun Wada:

Kafin in taɓa lambobin, Nura, ina fata ba ku ne kuka gudanar da CHKDSK, manhajar duba faifai da gyara shi, a kan faifan ba. Fayilolin CHK ɗin nan shi da SCANDISK ne ke samar da su, idan suka tarar da guntayen bayanai da sunansu ya ɓace daga jerin faifai. Duk gyaran da suka yi a kan ainihin faifan suke rubuta shi, kuma ba ya komawa. Ka ɗauki kowane fulofi ka tura ɗan makullin kusurwa har ramin ya buɗe, a nan ne ba a iya rubutu a kansa. Ka ja murfin ƙarfen ka juya faifan ciki a gaban haske. Faifan da ya sha damina da hunturun Zariya shekara talatin a cikin kwali yakan yi fararen ɗige-ɗige na rima, kuma in ka sa irinsa a na'ura zai shafa wa kan karatu datti, na gaba mai lafiya ya karce. Masu tabo ka ware su gefe, su ne na ƙarshe. Sauran ka ɗauki hoton faifai, wato kwafinsa sukutum, da manhajar ddrescue, ba kwafin fayil ɗaya-ɗaya ba. Cikakken hoton fulofi na 1.44 MB bayit 1,474,560 ne, sakta (yankin faifai) 2,880 masu bayit 512 kowace. A kan hoton za ka yi aiki, faifan ya koma kwali.

To, FILE0003.CHK. Bayit ɗaya tak, 03, shi ne hatimin dBase III, manhajar rumbun bayanai, kuma bayit ɗaya ba hujja ba ce, dubban fayiloli na iya farawa da 03 bisa katari. Sai an sa sauran lambobin sun ba da shaida. Ukun da ke biye kwanan wata ne: 5F shi ne 95, wato 1995, 07 Yuli, 1A kuma 26. Kwanan wata mai ma'ana, shaida ta farko. Huɗun gaba, 2C 01 00 00, a juye 012C ne, layukan bayanai 300. A1 00 tsawon kan fayil ne, 161. 3E 00 tsawon kowane layi, 62. Kan fayil na dBase III kullum 32 ne, a ƙara 32 ga kowane ginshiƙi, a ƙara 1. Cire 33 daga 161 ka samu 128, raba da 32 ka samu ginshiƙai 4 cif, babu saura. Shaida ta biyu ke nan. Yanzu 300 sau 62 ya ba da 18,600, haɗa da 161 da bayit ɗaya na rufewa, 1A, ka samu 18,762. Naka 18,944 ne, wato sakta 37 daidai, domin CHKDSK ba ya sanin inda fayil ya ƙare, sakta cikakkiya yake kwasowa. Rarar 182 ɗin shara ce. Fayil ɗin cikakke ne, babu abin da ya ɓata. Ka yanke rarar a HxD, ka sa masa DBF, LibreOffice Calc zai buɗe. Sunayen ginshiƙan suna nan daga gurbi na 32, za ka karanta su da ido tun kafin ka buɗe. Layin da ya fara da 2A, alamar tauraro, an yi masa alamar gogewa amma yana nan, mai 20 kuma lafiyayye ne.

Idan wani ya fara da 83, ko 8B, ko F5, yana da abokin tafiya mai ɗauke da dogayen bayanai, DBT ga dBase, FPT ga FoxPro, kuma sai ka nemo shi cikin sauran CHK ɗin.

Tunda faifan malamin jami'a ne, ka sa ido kan waɗannan ma. 24 46 4C 32, wato $FL2, bayanan SPSS ne, manhajar ƙididdiga, PSPP na buɗe su kyauta. 00 00 02 00 06 04 jadawalin Lotus 1-2-3 ne mai wutsiyar WK1, in ya ƙare da 04 04 kuma WKS ne. 09 04 06 00 Excel 4 ce. Sakamakon binciken gona ko na ɗalibai yawanci a irin waɗannan yake, kuma sau da yawa ya fi babin rubutun wahalar maye gurbi.

Malam Aminu PZ:

Injiniya, a gafarce ni, akwai ɗan gyara kan 31 BE. Write da Word na DOS duk da shi suke farawa. Abin da ke raba su gurbi na 96 ne: in bayit biyun wurin sifili ne, Word na DOS ne, in akwai lamba, Write ne. A duka biyun rubutun yana farawa daga gurbi na 128 a fili, don haka ko manhaja ta ƙi, ana iya kwafe shi kai tsaye. Tunda mai faifan yana amfani da WordStar da WordPerfect 5.1, na fi zaton Word na DOS ne. Nura ka duba ka gaya mana.

Sai FILE0007.CHK. D0 CF 11 E0 A1 B1 1A E1 bai gaya maka komai ba sai cewa akwati ne. Word 6 zuwa 2003, Excel 5 zuwa 2003, PowerPoint, Publisher, PageMaker 6.5, duk a wannan akwatin suke zuba kayansu. Masu sauya wutsiya zuwa DOC da zarar sun ga D0 CF nan suke ɓata rana. Ka buɗe shi da 7-Zip kamar yadda kake buɗe ZIP, za ka ga sunayen abin da ke ciki. WordDocument na Word ne. Book na Excel 5 ko 95, Workbook na 97 zuwa sama. PowerPoint Document da PageMaker sun faɗi kansu. In kana nema a HxD, ka sani sunayen suna da 00 tsakanin harufa, 57 00 6F 00 72 00 64 00, shi ya sa neman "Word" a matsayin rubutu ba ya samo su. In Word ne, farkon WordDocument ɗin zai faɗa maka zamaninsa: DC A5 65 00 Word 6, DC A5 68 00 Word 95, EC A5 C1 00 Word 97 zuwa gaba. Word 2 ba ya cikin akwati, da DB A5 2D 00 yake farawa. Sabon Word yana toshe wasu daga cikin tsofaffin nan da gangan a saitin Trust Center, ba lalacewa suka yi ba. Kuma ka buɗe su ba tare da barin makro, wato ƙananan umarnin da ake sakawa cikin takarda, ya gudana ba, cutar makro ta Word ta yaɗu sosai daga 1995, ta hanyar fulofi irin waɗannan.

Akwai wasu akwatuna biyu masu ruɗi iri ɗaya. 52 49 46 46, wato RIFF: ka je gurbi na 8. WAVE sauti ne, AVI bidiyo, CDR da lamba a bayansa kuma CorelDRAW ne, CDR5 ko CDR9, bayan 9 sai harufa, CDRA shi ne 10. Masu ɗab'i na Sabon Gari sun san wannan ciwon, idan an kawo zanen kalanda babu wanda ya san da wace Corel aka yi shi. Bayit huɗu na gurbi 4 a haɗa da 8 su ne ainihin girman fayil, da shi za ka yanke rara. Sai 50 4B 03 04, PK, wanda zai iya zama ZIP zalla, ko DOCX, ko ODT, ko sabuwar Corel. A faifan 1995 dai ZIP ne. 60 EA kuma ARJ ne, -lh5- a gurbi na 2 LHA, 7-Zip na kwance dukkansu.

Don kada ka bi guda 20 da hannu, ka sauke TrID na Marco Pontello, ko DROID na Hukumar Adana Tarihi ta Birtaniya mai aiki da rumbun PRONOM, ka nuna masa foldar gaba ɗaya. Amma kaso da TrID ke bayarwa hasashe ne, ga masu gajeren hatimi irin dBase lissafin Hajiya ne ke yanke hukunci.

Injiniya Bashir Kongo:

Gaskiyarka Malam Aminu, na yi gaggawa. Gurbi na 96 ne mai rabawa.

Nura Samaru:

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, ba mu ba ne, da CHK ɗin muka tarar da faifan. Gurbi na 96 sifili ne, Word na DOS ne kamar yadda Malam Aminu ya ce. DBF ɗin ya buɗe da layi 300 cif. Saura matsala biyu. CHK guda shida ba su da wani hatimi, biyu daga ciki F6 F6 F6 ne daga farko har ƙarshe. Sannan a FILE0007, wanda ya zama Word 95, duk inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ wata alama ce daban ke fitowa.

Hajiya Maryam Tudun Wada:

Masu F6 ka bar su, da wannan bayit ɗin DOS ke cika faifai lokacin fomat, ba a taɓa rubuta komai a wurin ba. Sauran huɗun kada ka goge. Marasa hatimi yawanci tsakiya ne ko gindin wani fayil da ya rabu, kan yana wani CHK ɗin. Ka duba ƙarshen waɗanda lissafin girmansu ya nuna sun gaza, ka ga inda jimla ta yanke, ka nemi wanda ya fara da ci gabanta. In ka same su, copy /b A.CHK+B.CHK SABO.WPD zai haɗa su a jere. Ga rubutun WordStar da WordPerfect wannan na aiki sosai. Ga akwatin D0 CF sai jerin saktocin ya zo daidai, in ba haka ba 7-Zip zai ƙi shi, sai dai a tsamo rubutun zalla.

Harufa masu lanƙwasa kuwa ba su lalace ba. Word 95 bayit ɗaya yake ba kowane harafi, kuma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin wannan jerin, don haka masu buga Hausa a lokacin sai su sa wani salon harafi na musamman da aka zana ƙ a gurbin wata alama. Salon ba ya kwamfutarka, shi ya sa alamar asali ta bayyana. Ka nemi kalmar da ba ta da shakka, irin "ƙasa" ko "ɗaya" ko "ɓangare", ka ga wace alama ce ta tsaya a wurin kowanne, manya da ƙanana daban, har da ƴ in ya yi amfani da ita. Ka tabbata alamar ba ta da wani aiki a takardar, musamman in baka ce ko alamar lissafi da ke cikin jadawali, sannan ka maye gurbinsu ɗaya bayan ɗaya. Ka adana da UTF-8, ka sake dubawa a HxD: ƙ ta zama C6 99, ɗ C9 97, ɓ C9 93. Jerin alamomin da ka gano ka rubuta shi ka ajiye tare da fayilolin, don sauran babukan na Malam kusan tabbas da salon harafi ɗaya aka buga su.